Daga Kano zuwa Damagaram: Inda Wutar Filogi Ke Ɗaukewa

Hanyar Kano zuwa Damagaram ta Daura ba ta kai kilomita 300 ba, kuma mota mai lafiya kan shanye ta tsakanin hantsi da la'asar, har da zaman da ake yi a bakin iyaka. Daga Dawanau titin ke rabuwa da na Katsina ya miƙe arewa, ya ratsa Dambatta da Kazaure da Daura, ya isa Kwangwalam bayan kimanin kilomita 130. A ƙasar Nijar sai ya bi ta Matamaye da Kance, ya haɗu da babban titin Yamai a Takeita. Ƙananan motocin da ke jigilar mutane a kansa yawanci na fetur ne, kuma sun ga jiya: Golf da Sharon da Fijo 406, sai Corolla ta masu gida, sai kuma wata 504 nan da can da ta ƙi ritaya. In an cire taya da lagireto, ɗaukewar wutar filogi na cikin abubuwan da suka fi ajiye irin waɗannan motoci a gefen titi, bonet a ɗage, fasinja a gindin bishiya.

Injin fetur ba ya tashi sai abu uku sun haɗu a cikin silinda: mai gauraye da iska, matsi, da tartsatsin wuta a daidai lokacinsa. Bolt 12 kawai batir ke bayarwa, wanda ba zai iya tsallaka tazarar da ke bakin filogi ba. Kwayil ne ke ɗaga shi. A cikinsa akwai naɗin waya biyu a kan ƙarfe ɗaya, na farko mai kauri, na biyu siriri wanda zagayensa ya ninka na farko kusan sau ɗari. Idan wuta ta bi naɗin farko sai maganaɗisu ya taru a ƙarfen. Da zarar an katse ta farat ɗaya sai maganaɗisun ya rushe, naɗi na biyu ya haifar da bolt dubbai, daga 10,000 har sama da 30,000, gwargwadon abin da filogi ya nema. Duk wani gyaran wutar mota, a gareji ne ko a bakin hanya, tambaya uku yake neman amsawa: wa ke katse wutar naɗin farko, wa ke gaya masa lokacin katsewa, kuma ta ina babbar wutar ke bi ta isa filogi.

A tsohon tsari, wanda Charles Kettering ya ƙirƙiro aka fara sa shi a motar Cadillac a 1910, kwantak ne ke katsewar: wasu ƙarafa biyu a cikin distiributa masu buɗewa da rufewa yayin da inji ke juyawa. Da shi Fijo 504 ta ci zamaninta, tun daga 1975 da masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara haɗa motoci. Kwantak yana cinyewa, yana ƙonewa, tazararsa ta milimita 0.4 tana gocewa, amma direban da ke da sukudireba da guntun samfefa yana iya tayar da motarsa ko a dokar daji. Tsarin lantarki ya cire ƙarafan nan ya sa taransista a gurbinsu, ya kuma kawo sensa mai lura da juyawar inji ba tare da ta taɓa komai ba. Kamfanin Chrysler ya sa shi a dukkan motocinsa na Amurka daga 1973. A 1979 kuma Bosch ya haɗa sarrafa wuta da sarrafa mai a akwati ɗaya, kakan abin da makanikai ke kira birenbos ke nan. Ribar a fili take: wuta mai ƙarfi, taimin da ba ya gocewa, an huta da zuwa gareji saita kwantak. Hasarar kuwa sai a hanya ake ganinta. Kwantak kan daɗe yana ciwo kafin ya mutu, kuma ido na ganin ciwon. Taransista kan tafi ba sallama, ga ta a rufe cikin roba, ko an fasa ba abin da za a gani.

Tsarin lantarkin ma iri uku ne ke bin wannan hanya. Golf ta uku, wadda aka ƙera daga 1991 zuwa 1997, tana nan da distiributa da kwayil ɗaya, sai dai sensa ce a cikin distiributar maimakon kwantak. Fijo 406 ba ta da distiributa. Kwayil biyu ne a ƙunshe wuri ɗaya, ɗaya na ciyar da silinda ta 1 da ta 4, ɗaya na ciyar da ta 2 da ta 3. Corolla ta shekarun 2000 kuwa kowane filogi da nasa kwayil a bisa kansa. Sanin wanne ne a ƙarƙashin bonet shi ke nuna ta inda za a fara.

Tafiyar a Kano ake cin ta ko a faɗi. Wanda zai nufi iyaka da tsohuwar mota kan biya ta kasuwar Ƙofar Ruwa, inda rumfunan kayan mota ke jere, ya sayi abin da ba lalle a same shi a ƙananan garuruwa ba: filogi huɗu, fis iri-iri, kwayil guda, da sensar da ta dace da injinsa. A nan zaɓi biyu ne, sabo mai araha a kwali mai sheƙi, ko tsohon Baljiyam da aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai. A fannin kwayil da sensa makanikai da yawa sun fi amincewa da tsohon na asali, kuma suna da hujja, don jabu ya yi yawa a cikin sababbin. Amma tsoho ma sa'a ce, saboda haka a ɗaura shi a gwada tun a Kano, kada a tafi da shi a leda a kan amana. Batir ma a nan ake auna shi. Mai cikakken caji kan nuna wajen bolt 12.6 a zaune, kada ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin kik, in inji ya tashi kuma mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Motar kwantak kan tashi da ragaggen batir in an tura ta. Birenbos kuwa in wuta ta yi masa ƙaranci ba ya ba da umarnin komai, sai a yi ta zargin kwayil alhali laifin yana kan batir da ya yi farin gari bai ɗauru ba.

Daga Dawanau zuwa Dambatta titin shimfiɗe yake, gonakin gero da dawa hagu da dama, kuma a nan ciwon farko kan bayyana. Mota cike da mutane, buhuna sun hana but rufuwa, direba ya taka totur zai wuce tirela, sai inji ya fara misin, motar na fizga. In ya sassauta ƙafa sai ta daidaita. Wannan alama ce ta ɓangaren babbar wuta, wato filogi da wayoyinsa da murfin distiributa. Dalili kuwa, idan an buɗe totur iska mai yawa ke shiga silinda, matsi ya ƙaru, wuta ta buƙaci ƙarin ƙarfi kafin ta tsallaka bakin filogi. In bakin ya cinye, tazarar da ya kamata ta tsaya tsakanin milimita 0.7 da 1.1 ta buɗe, ko wayar filogi ta tsage, sai wutar ta nemi hanya mafi sauƙi ta zille zuwa jikin inji. Filogin da aka kwance yana ba da labarin silindarsa: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan, baƙi busasshe mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, jiƙaƙƙe da fetur wuta ba ta zuwa, mai maiƙon baƙin mai kuma matsalar ta wuce wuta ta shiga ringi ko bawul. Direbobi da yawa kan ce a lallaɓa a haka har Daura. Ana isa, amma da tsada: man da bai ƙone ba yana gangarawa salansa ya cinye katalis, kwayil kuma yana wahala har ya kai ga fashewa.

Wajen Kazaure ƙasa kan ɗan tashi, duwatsu su bayyana, kuma garin na da masu wayarin a bakin titi. Motar da ta mutu gaba ɗaya, nan ake turo ta ko a ɗauko mai gyara a babur. Gwani a cikinsu ba ya taɓa sifana sai ya yi tambaya.

"Maigida, kana cikin tafiya ta ɗauke, ko sai da ta yi ta shaƙewa tukuna?"

"Wallahi ina cikin gudu ta ɗauke ɗif, ko tari ba ta yi ba."

Amsar nan ta raba aikin biyu. Ƙarancin mai a hankali yake kashe inji, da shaƙewa da fizga. Wuta kuwa lokaci guda take tafiya. Daga nan mai gyara zai ce a murɗa makulli ba tare da kik ba, ya kasa kunne wajen tanki. Famfon mai kan yi ƙugi na daƙiƙa biyu ya yi shiru, fitilar inji kuma ta kama a dashbod. In fitilar ba ta kama ba, mai yiwuwa birenbos bai samu wuta ba, sai a koma kan fis da rile kafin a taɓa wani abu. Fis ɗaya da bai kai kuɗin kwanon abinci ba ya sha kwanar da mota a hanya.

In duk wannan daidai ne sai gwajin wuta. Mai gyara ya zare wayar filogi ɗaya, ya soka mata wani filogin, ya kwantar da gindinsa a kan ƙarfen inji, ya janye hannu. "Yi kik, Oga." Inji ya juya, shi kuwa ya kare bakin filogin da tafin hannu saboda hasken rana, yana leƙe. "Ya isa." Wuta mai lafiya kan fito da ƙara, ƙyas-ƙyas, a jere ba tsallake. Sai dai gwajin na da yaudara. Tartsatsin da ya tsallaka milimita ɗaya a sarari ba lalle ya iya hakan a cikin silinda ba, inda matsi ya ninka na waje sau da yawa. Shi ya sa masu kayan aiki ke amfani da ɗan magwaji mai faɗin tazara, wajen santimita ɗaya, wanda raunanan kwayil ba ya iya tsallakawa. Abin da bai kamata ba shi ne tsohuwar al'adar riƙe waya da filaya nesa da inji don a ga iya tsallen wutar. A zamanin kwantak ba a cika yin asara ba. A tsarin lantarki, wutar da ta rasa mafita kan koma ta huda kwayil ko ta ƙone taransistar da ke katse shi, kuma in ta samu hannun mutum ba za ta yi masa da sauƙi ba.

Idan babu wuta a filogi, a motar distiributa sai a gwada babbar wayar da ke fitowa daga kwayil. Akwai wuta a can amma babu a filogi, laifin na murfin distiributa ne ko rota. Babu ko a can, sai a koma ƙananan wayoyi. Motocin Jamus na da lambobi da ke sauƙaƙa wannan: 15 ita ce wutar da makulli ke kawowa, 1 ita ce ƙafar kwayil da ake katsewa, 31 kuma mai komawa jikin mota. Fitilar gwaji ta kama a 15, in an ɗora ta a 1 ana kik ta riƙa ƙyaftawa. Ƙyaftawar nan shaida ce cewa ana katse wutar, saboda haka kwayil ne ya gaza. In ta tsaya cak ba ƙyaftawa, kwayil na iya zama lafiyayye, umarni ne ba ya zuwa masa, sai a nemi sensa ko taransista. A wayoyin sigina masu zuwa birenbos kuwa ba a sa fitila mai kwan gargajiya, don wutar da take ja ta fi ƙarfinsu. Mita ake sawa, ko ƙaramar fitilar LED.

Tsakanin Kazaure da Daura, musamman a Afrilu da Mayu da zafi kan haura digiri 40, akwai wani ciwo da ya fi kowanne rikita mutane. Mota ta yi tafiyar awa ɗaya lafiya lau sai ta ɗauke. A yi kik har batir ya fara sanyi, shiru. Fasinja su sauka su yi salla, su sha ruwa, bayan rabin awa a murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba, ta yi 'yan kilomitoci ta sake mutuwa. Wasu kan fara zancen sammu, alhali aikin zafi ne. A 406 da ire-irenta akwai sensar karanshaf da ke fuskantar wani faifai mai gurbin haƙora 60, an cire biyu, ta giɓin nan birenbos ke gane inda fistin yake. A cikin sensar akwai naɗin waya siririya ƙwarai. In ta tsufa, zafi kan buɗe wata 'yar karaya a cikinta sigina ya yanke, in ta huce karayar ta haɗe. Ba sigina, birenbos ba ya ba da wuta, ba ya kuma barin famfo ya ci gaba da turo mai, shi ya sa mai gaggawa kan yanke hukuncin cewa famfo ne ya mutu, a sayi sabo a banza. Allurar da ke nuna juyin inji na taimakawa a motoci da yawa: in ana kik tana kwance ko motsi ba ta yi, a tuhumi sensar. A bakin hanya ana tabbatarwa da ruwan leda. A huda shi a tsiyaya a kan sensar kaɗai, ana kaffa-kaffa da bututun hayaƙi mai zafi. In motar ta tashi nan take, an kama ɓarawon. Wannan gwaji ne dai, ba magani ba. Taransistar kwayil ɗin Golf da sensar cikin distiributarta su ma suna irin wannan mutuwa da farfaɗowa.

A Daura, inda baƙo kan ɗan ratse ya ga rijiyar Kusugu kafin a gama lodi, ana samun masu na'urar karanta birenbos. Soket ɗinta mai baki 16 yana ƙarƙashin sitiyari a yawancin motoci. Amurka ta wajabta wannan tsari daga 1996, Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur, saboda haka tsohuwar 'yar Kwatano da aka ƙera wa Turai kafin lokacin ba lalle ƙaramar na'ura ta iya magana da ita ba. Inda ta yi magana, lambobin sanannu ne: P0300 misin ne da bai tsaya a silinda ɗaya ba, P0301 zuwa P0304 na nuna silindar da abin ya shafa, P0335 layin sensar karanshaf, P0340 na kamshaf, P0351 zuwa sama layin kwayil. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a ɗauki lambar a matsayin sunan kayan da za a saya. Layi take nunawa, layin kuwa ya haɗa da waya da soket da ɓera ya ci ko zafi ya narkar. A Corolla ana iya gano gaskiya ba tare da kashe ko sisi ba. In P0302 ta fito, a musanya kwayil na 2 da na 3, a goge lambar, a zaga. Ta koma P0303, kwayil ne. Ta tsaya a 2, a duba filogi ko nozul ko matsin silindar. A leƙa ramin filogin kuma, don gasket ɗin murfin bawul in ya tsufa yakan zubo baƙin mai a ciki, ya jiƙa robar kwayil, wuta ta riƙa zillewa. A 406 kuwa in silinda ta 1 da ta 4 suka mutu tare, ko ta 2 da ta 3, ba sai an yi dogon bincike ba, rabin kwayil ne ya tafi.

Daga Daura zuwa Kwangwalam ɗan taƙi ne, ta ƙasar Mai'aduwa mai babbar kasuwar dabbobi. A iyaka ana kashe mota a tayar, a matsa gaba kaɗan a sake kashewa, kuma batirin da ya fito Kano da rauni nan yake tona asirin kansa. Nan kuma ake yawan yi wa birenbos illa da sunan taimako. Wani zai ce a cire kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji. A motar kafireta da kwantak an daɗe ana haka. A motar lantarki, batir ne ke shanye tsallen wutar altaneta, cire shi na iya tura wa birenbos wutar da ba zai ɗauka ba. Mita na amsa wannan tambaya a daƙiƙa biyar. Haɗa batir da na wata mota a juye, ko yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, duk hanya ɗaya suke kaiwa. Akwai kuma batun makulli. Sharon da takwarorinta na da ɗan guntun lantarki a kan makullin, wanda motar ke tantancewa kafin ta yarda. Makullin da aka yanka a kasuwa zai buɗe ƙofa, zai yi kik, inji ma ya tashi, amma bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ya mutu. Wanda bai san haka ba zai iya canza kwayil da sensa duka yana neman abin da ke rataye a hannunsa.

Man da ake saya a galan wurin 'yan bumburutu a yankin iyaka shi ma yana shigo da ruɗani, don fetur mai ruwa ko datti yana sa misin irin na wuta. Tambayar da ke warware shi ita ce ko ciwon ya fara ne jim kaɗan bayan an sha mai.

A Ɗan Barto, tsallaken iyaka, an shiga Nijar, kuɗi ya koma sefa, kayan mota ma sun canza suna: mai neman filogi a Matamaye buji zai tambaya, kwayil bobin, distiributa delko. Nan ƙasa ta fi yashi, kuma duk motar da ta sauka daga kwalta zuwa ƙauye za ta sha girgiza da ƙura. Girgiza na sassauta soket, tana karya waya a cikin rigarta ba a gani daga waje. Idan mota na ɗaukewa a kan gargada ta dawo a kan kwalta, sai a bar inji na aiki a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ana girgiza su da hannu, inda inji ya yi tuntuɓe nan ne. Wayar da ta haɗa inji da jikin mota ta cancanci kulawa ta musamman, don in ta yi tsatsa ko ta saki, alamun da take kawowa ba su da kan gado: fitilun dashbod na rawa, kik na nauyi, wuta na zuwa tana ɗaukewa. Ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da maiƙo a kan murfin distiributa ko bakin kwayil sai ta zame wa wuta hanya, a ga wani siririn baƙin layi kamar zanen fensir. Gogewa ba ta raba shi, don wutar ta riga ta ƙona robar, sai canji. Da damina, a Yuli da Agusta, ciwon kan sake kama: kwayil ɗin Golf da ya tsage zai yi aiki lafiya da rana, ya ƙi tashi da asuba bayan ruwa, ko bayan an wanke inji da matsin ruwa. Hanya mafi sauƙi ta kama shi ita ce a ɗaga bonet cikin duhu inji na aiki, a fesa ɗan ruwa, za a ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga inda ya tsage.

Daga Takeita zuwa Damagaram wajen kilomita 50 ne a kan babban titi. Garin Damagaram, wanda ya riƙe hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926, yana da garejoji da rumfunan kaya a unguwar Zango, kuma tun 2011 da aka buɗe matatar SORAZ a arewa da shi ake samun man gida. Motar da aka lallaɓo da dabarun hanya, a nan ya kamata a yi mata awo na tsanaki. Naɗin farko na kwayil ɗin lantarki kan nuna tsakanin rabin om da om biyu, na biyu kuma dubbai, galibi 6,000 zuwa 15,000, ko da yake kowane inji da nasa adadi. Sensar karanshaf mai naɗi kan nuna ɗaruruwan om zuwa wajen 1,000, kuma a auna ta da zafinta, don a sanyi mai karaya ma kan nuna lafiya. Sensa mai waya uku irin ta distiributar Golf ba a auna ta da om; ana duba ko wuta na isa gare ta, sannan ko siginarta na hawa da sauka in inji na juyawa. In an taɓa cire distiributa a hanya, sai a mayar da taimin da fitilar taimin, ba da kunne ba, a kuma tabbatar wayoyin filogi sun bi jerin 1-3-4-2. Wanda ya juya biyu daga ciki zai ji inji na harbi ta salansa.

Wasu masu motar, in wahala ta ishe su, kan sa a cire injekta da birenbos a mayar da injin kan kafireta. Ga mai zirga-zirga a ƙauyukan da ba mita ba na'ura, dalilinsa abin fahimta ne. Amma motar kan ƙara shan mai, ƙarfinta ya ragu, kuma sau da yawa abin da aka guje wa bai wuce soket ɗaya mai datti ba.

Birenbos ne ƙarshen wanda ake tuhuma, ko da yake a bakin masu gyara da yawa shi ne na farko, don ya fi komai tsada kuma ba mai iya musu. Ba a yanke masa hukunci sai an tabbatar wuta na shigarsa, wayoyinsa masu komawa jikin mota na ɗaure, siginar sensa na isowa har bakin soket ɗinsa, amma umarnin kwayil ba ya fita. In ya tabbata shi ne, lambar da ke jikin wanda za a saya ta dace da ta tsohon, kuma a motoci masu makullin lantarki sai an daidaita shi da makullin, ko a sayo su tare. Kafin a ɗaura shi a nemo abin da ya kashe na farko, ruwan da ya shiga ne, ko altaneta mai wuce kima, ko kwayil da ya haɗe a ciki yana jan wuta fiye da ƙa'ida, domin kwayil ɗin da ya ƙone birenbos ɗaya zai ƙone na biyu tun motar ba ta fita daga gareji ba.